Tudun da Ya Yi Ƙaura da Mabiyiyar 'Yata

Haƙƙin kowane jariri ne a kan mahaifinsa a wanke mabiyiyarsa, a naɗe ta cikin ƙyalle mai tsabta, a binne ta a wurin da za a iya nuna masa da yatsa idan ya girma. A gidanmu, gindin lemun tsami ne wurin, bayan ɗakin mahaifiyata. Ni da ƙannena duk muna can a jere, kuma babu wanda ya taɓa matsawa daga inda aka ajiye shi. 'Yata ta fari kuwa a Doha aka haife ta, muna haya a saman bene a unguwar Bin Mahmud, inda duk ƙasar da muka mallaka ba ta wuce ta cikin tukunyar fure ba.

Aikina adana takardu ne a wani kamfanin gine-gine. Akwai wani dattijon injiniya, mutumin Koriya, da muke cin abincin rana a tebur ɗaya. Da haihuwa ta matso na faɗa masa damuwata, ina zaton zai ture kwanonsa don ƙyama. Sai ya ajiye tsinkayen cin abincinsa ya gyara zama.

Ya ce a ƙasarsu, a zamanin sarakuna, mabiyiyar ɗan sarki ba abin wasa ba ce. Wanke ta ake yi, a sa a farin tulu, a sa tulun cikin wani tulun, a aiki masana su zaɓo dutse mai kyan siffa, a binne a ƙolinsa, a kafa alama, a hana noma da saran itace a kewayen. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na matan sarki. Wata an haife ta a gidan ubanta ba wanda ya san abin da za ta zama, amma da ta zama sarauniya sai aka koma aka nemi inda tata take, aka yi mata ginin girma.

"Saboda haka," in ji shi, "ka sa ta inda za a samu. Ba ka san wadda aka haifa maka ba."

Aka haifi yarinyar ta hanyar tiyata, tsakiyar zafi. Na roƙi asibiti suka ba ni mabiyiyar a rufe cikin roba. Ba zan iya barin uwar ba, ba ni kuma da motar shiga daji, don haka na kira ɗan kawuna, abokin wasana, direba ne da ke zaune a Najma, mai kai baƙi yawon shaƙatawa cikin sahara. Na yi masa bayani dalla-dalla: wuri mai tudu, wanda za a gane, wanda ba a gini a kansa. Na ba shi labarin Koriya don ya fahimci nauyin amanar.

Ya ce, "To, bawana, 'yar taka sarauniyar ina ce? Ta Bin Mahmud, mai mulkin injin wanki?"

Na ce, "Kai dai karɓi da hannu biyu."

"Da farin tulun fa? Ko robar ce tulun talakawa? Yalla, kawo, baƙina na jira."

Da yamma ya kira. "Halas, an gama, ranka ya daɗe. Tudun da ya fi kowanne tsayi na zaɓa mata. Ko 'yar sarkin Koriyar ba ta samu irinsa ba." Na yi masa godiya har da addu'a, wadda a yanzu nake duba yiwuwar janye ta.

Yarinya ta yi wayo, tana gudu tana surutu. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, kafil kuma, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, bai nuna alamar sabuntawa ba. Da mahaifiyata ta ji za mu dawo, abu ɗaya ta nema a waya.

"Ka ɗebo mini ƙasar wurin, ko da cikin tafin hannu ce, in zuba a gindin lemo. Ita kaɗai ce ba ta cikin layi. Ba na so in tafi in bar ta a waje."

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka nufi kudu, ni da ɗan kawun nawa. Ya rage iskar tayoyi, muka shiga yashi. Ya tsaya a wani fili shimfiɗaɗɗe, ya fito, ya riƙe ƙugu, ya juya gabas, ya juya yamma.

"Wallahi nan yake."

"Ina?"

"Tudun. Nan na bar shi."

Na tambaye shi ko dutse ne. Ya ce wane irin dutse, ai nan duk yashi ne, duwatsu suna can yamma, shi kuwa baƙinsa nan suka biya a kawo su. Ya nuna mini wani tudu can gaba, ya ce yana kama da shi. Ya nuna wani, ya ce wannan ma akwai kama, kamar wa da ƙani.

Sannan ya ciro kofin shayi na takarda daga mota, ya sunkuya ya cika shi da yashin da ke gabansa.

"Ungo, kai wa Gwaggo. Wa zai gane? Yashi dai yashi ne."

Na ce masa ni mutum ne da bai taɓa sa takarda a fayil ɗin da ba nata ba, kuma ba zan fara da mahaifiyata ba. Ya shanye dariyarsa, ya zubar da yashin, muka dawo.

Da na ba injiniyan labari sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ya bayyana mini cewa iskar arewa tana tura waɗannan tuddai sannu a hankali zuwa wajen teku, kowace shekara da ɗan abin da suke matsawa. Idan a gindi aka binne, tana nan inda take, tudun ne ya tafi ya bar ta. Idan a ƙoli ne, sai dai a tambayi iska.

"Mu ma an tone na sarakunanmu lokacin mulkin mallaka, aka kwashe," in ji shi. "Amma aƙalla mun san wanda ya ɗauka."

Na koma wa ɗan kawuna da tambaya ɗaya: a gindi ne ko a ƙoli? A Najma, gaban abokan ɗakinsa, ya ce a ƙoli, don a san ya wahala. A waya, da na ambaci teku, ya ce a gindi, wai wa zai hau tudu da wannan rana. Mahaifiyata kuwa duk kiran da za ta yi sai ta tambaya ko an ɗebo.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon dattawan jama'armu mazauna Doha da su zaunar da wannan mutum kafin ranar tafiyata. A sa shi ya tsaya a kan magana ɗaya, gindi ko ƙoli. A nemo direbobin da suka bi ayarinsa a ranar, su nuna inda motoci suka tsaya. A kuma hana shi zuwa zaman da kofin takarda. Ba diyya nake nema ba, ba kuma farin tulu ba. Ƙasa nake nema cikin tafin hannu, wadda zan miƙa wa mahaifiyata in ce mata daga wurin take, ba tare da na kawar da idona ba.