Likkafanin Mutumin Dawa

Da farin saƙina aka binne mutumin da ya sace ɗiyata. Ban yafe ba, kuma mai karatu kada ya tsaya jiran inda zan ce na yafe, babu wurin. Sai da furfura ta rufe mini kai na durƙusa gaban matar liman na koyi ajami, ƴan mata suna dariya wai ina riƙe alƙalami kamar muciya. Na jure don in ajiye maganar nan yadda ta faru, tun da waɗanda suka yi ta duk sun mutu, ana ta yi musu addu'a.

Shekaru kaɗan ne kafin zuwan Nasara. Garinmu ƙarami ne, tsakanin Tasawa da Mayahi, shingen ƙaya da rijiya guda. Ba mu faɗin sunan mutumin a lokacin, yanzu ma ba zan ɓata tawada da shi ba. Mutumin dawa muke ce masa. Bahaushe ne kamar mu, an ce da can barden wani sarki ne, suka ɓata, ya shiga daji ya tara duk wanda gari ya kora. Ba ya tarar masu doki. Rumbu yake ƙonawa, yara yake kwasa a gona. Can ya ɗauki tawa tana korar tsuntsu, shekararta tara.

Sau biyu yake ci. Yakan sayar da yaro, amma ya riƙe a kansa inda kowa ya tafi. Bayan kaka sai ya aiko a ce mai son fansa ya kawo, shi zai sa a dawo masa da nasa. Wasu sun dawo ta haka, na gan su da idona. Ni fari ya yanka mini, farin saƙi mai laushi irin na manya, don kuɗin wuri nauyi gare shi ga mai yawo a daji. Rani biyu da damina biyu ina aikinsa. Na gurje auduga, na shiɓe, na kaɗa har alli ya cinye mini fatar yatsa. Maigidana yana kai zaren Korgom wurin wani masaƙi ɗan uwan uwata, yana dawowa da shi ɗauri-ɗauri. Da ya cika na ninke shi cikin adudu, na rufe da faifai, ina jiran a yanke gero. Babu wanda bai san da shi ba a garin, mata har zuwa suke su shafa.

Gero ya yi kai bai nuna ba, wata Alhamis da hantsi, mutumin ya zo rijiyarmu shayar da doki, shi da mutum uku. Ya saba, ba ya ko waiwaye. Maharbin garinmu, wanda aka ƙone wa rumbu sau biyu, yana laɓe cikin geron da ya fi mutum tsayi. Kibiya ɗaya, a hamata, inda babu laya. Kafin dafin ya gama aikinsa mutanen nan uku sun ja dokinsa sun gudu.

Ni na fara guɗa, ba zan ɓoye ba. Ina tsakiyarta, hannuna a kan hanci, sai abin ya faɗo mini: shi kaɗai ya san inda take. Guɗar ta tsaya mini a wuya.

Sauran gari ba su tsaya ba. Kafin azahar mutane sun zo daga ƙauyuka har daga wajen Cake, wasu da fartanyarsu a kafaɗa. Aka kawo kalangu. Mata suna tofa masa yawu, tsofaffi suna zungurinsa da sanda su tabbatar. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙa fuskarsa ta ce, "Ashe gajere ne. Wannan ne ya hana ni zuwa itace shekara bakwai?" Aka yi ta dariya. Maigari ya tuɓe rigarsa ya sa wa maharbi. Maroƙin garinmu ya ƙaga masa kirari nan take. Duk namijin da ka tambaya, yana kusa da maharbi lokacin da ya ja baka, har wanda na bari yana barci ƙarƙashin rumfa.

Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kallon kansa. Ƙudaje suna shiga kunne suna fita. A cikin nan ɗiyata take.

"Tashi, ƴar nan," in ji tsohuwar, "kada a ce takaba kike yi masa."

Da la'asar jakada ya iso daga birnin da muke bi, da dogarai biyu, dokinsa ya jiƙe sharkaf. Bai sauka ba sai da aka kashe kiɗa. Ya ce sarki ya ce mamacin yana da ƙane mai dawakai, kuma akwai wani sarki ta gabas da ke cin abin hannunsa, ba a san yadda za su ɗauki maganar ba. Saboda haka a yi masa wanka, a suturta shi irin ta manya, a binne shi kafin rana ta faɗi, kada wani ya zo ya tarar da yawu a fuskarsa. Masu rawa suka sulale ɗaya ɗaya. Liman ya sa aka ɗebo ruwa a rijiyar da mutumin ya mutu a bakinta.

Sai maganar likkafani. Gari ne na talakawa, mu da guntun tsohon fari muke binne namu. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, na dai ga dogari a ƙofar ɗakina.

"Gwaggo, sarki ya ce a ara mana farin nan."

"Likkafani ake arawa? Wa ka taɓa gani ya dawo da shi?"

"Ni dai aike ne."

"To koma ka ce ba ka same ni ba."

Na zauna a kan adudun. Maigidana ya shigo, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa kai ba. Ya ce, "Ba su, uwar ɗiya. Wanda za ki kai wa ma ai ga shi kwance." Shi ya ɗaga ni, dogarin ya ja adudun. Na ciji dogarin a hannu har na ji gishirin jini, bai saki ba.

A gabana aka yaga farin, a tsakar gidan maigari. Ban san fari yana ƙara haka ba in an yaga. Abin da ya ragu jakada ya duba, ya murza da yatsa, ya ce kai, wannan hannu ya iya kaɗi. Washegari da shi ya naɗa rawani ya koma birni.

Ranar addu'ar uku manzanni suka zo. Jakadan nan ya dawo, ga manzon sarkin gabas, ga ƙanen mamacin da mahayansa. Aka shimfiɗa musu tabarmi ƙarƙashin tsamiyar ƙofar maigari. Garin da ba ya yanka sa sai da salla ya yanka sa. Mu mata aka ce mu daka fura. Maharbi kuwa tun jiya an karɓe rigar, an sallame shi ya tafi wurin dangin uwarsa. Magana ta koma cewa wani baƙo ne mai farautar zabi ya yi kuskure, ba wanda ya ga fuskarsa. Mazan da shekaranjiya suke kusa da shi duk sun koma suna gona ranar.

Ina bayan darnin kara da ƙwaryata, na ji komai. Jakadanmu ya ce sarki ya yi baƙin ciki, an yi rashin namiji. Shi ɗin nan ne da safe ya kai wa maigari goro a ɓoye, ya ce sarki ya ji daɗi, a dai yi shiru, matar maigari ta faɗa mini muna daka. Manzon gabas ya ce ubangidansa bai san mamacin ba, bai taɓa cin ko ƙwayar geronsa ba, amma jinin barde jini ne, yana son a ji cewa ya ji. Ƙanen ya yi godiya. Suka daɗe suna juya magana kamar masu cinikin saniya, ƙarshe aka tsaya a kan haka: ƙanen ba zai taɓa garuruwan da ke bin birninmu ba, zai juya dawakansa wani gefen, su kuma ba za a sake tayar da maganar waɗanda aka kwasa ba. Abin da ya wuce a binne shi tare da mamaci. Liman ya kawo Alƙur'ani, suka dafa ɗaya bayan ɗaya. Maroƙin nan ya tashi ya yi wa ƙanen kirari. Wanda ya yi wa maharbi ne, bai ko sake kiɗan ba.

Aka ce a kawo fura. Na fito na ajiye ƙwarya gaban ƙanen, ban durƙusa ba, ban koma ba. Na zaci zan ga dodo. Wani siririn mutum ne mai sanyin murya, yana jan tasbaha. Jakada ya raɗa masa wani abu, sai ya dube ni.

"Inna, ashe ke kika suturta mana shi. Allah ya saka miki, ya suturta ki duniya da lahira."

Duk abin da aka yi mini a kwana ukun nan, wannan godiyar ce ta fi ci mini rai.

Ya ce a kawo mini zane biyu da akuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tufa na zo karɓa ba. Farin nan fansa ne. Yayanka ya yanka, na cika, ya kuwa karɓa, ga shi can a jikinsa. Ina ɗiyata?"

Wani daga cikin mahayansa ya yi dariya ya haɗiye.

Na juya wurin liman. "Malam, kai ka naɗe shi da hannunka. Wanda ya karɓi fansa ya mutu, magajinsa ba ya cikawa?"

Liman ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma.

"Kin ji yanzu muka yi rantsuwa," in ji jakada.

"Ku kuka yi. Ni ba a miƙo mini littafi ba, fura aka ce in kawo."

"Baiwar Allah," in ji ƙanen, muryarsa ba ta tashi ba, "ko babu rantsuwa ba ni da abin faɗa miki. Shi kaɗai yake riƙewa. Ni ban san inda ya kai kowa ba."

Na yarda da shi, abin da ya fi muni ke nan. Dogarai suka kama ni, ɗaya a kowane hannu, wanda na ciza yana riƙe ni da hannun hagu. Muna wucewa, mazan garinmu, waɗanda ƴaƴansu suke can tare da tawa, kowa ya sa fuska cikin ludayi.

Kafin magariba ina zaune a ƙofar gida sai ga wani tsoho mai ido ɗaya ya kawo mini ƙwaryata. A cikin mutanen ƙanen yake, shi ke yi musu dahuwa. Ya ajiye, bai tafi ba.

"An wanke ta," in ji shi. "Ɗiyar taki, mai wushirya ce? Wadda ba ta cin tuwo sai an tsaya a kanta?"

Na gyaɗa masa kai.

"Ni na dafa musu a hanya. Waɗanda aka kwasa a gonaki waccan shekara arewa aka yi da su, gaba da Mayahi, kasuwar da ayarin gishiri ke sauka. Wata mai sayar da kanwa ta ɗauki ƴan mata biyu. Ban san sunanta ba, ban kuma san ko suna nan ba. Ba ni na faɗa miki ba."

"Me ya sa ka faɗa?"

"Ni ma daga gona aka ɗauko ni. Ba wanda ya zo."

Ya juya ya tafi, yana ɗingishi.

Na gaya wa maigidana. Ya ce in na tafi na karya rantsuwar gari, in dawakai suka dawo a kaina za a ɗora. Ya ce kuma da me zan fanshe ta, ga adudu wayam. Na ce wadda ta saye ta tana son mai aiki, ni na fi yarinya ƴar shekara sha ɗaya aiki, in ta ƙi musanya in zauna in yi mata kaɗi har ta gaji da ganina. Ya ce ba a yin haka. Na ce ba a kuma ara likkafani.

Maganar ta kai kunnen maigari kafin a kira salla. Ya aiko matarsa ta ce mini in na fita shingen nan da wannan niyya, kada in dawo. Ta faɗa tana kuka, ta damƙa mini dunƙulen fura uku a bakin zane.

Gari na wayewa manzanni suka hau, kowa ya kama hanyarsa, maroƙi yana bin su da gudu har bakin rijiya. Na jira ƙurarsu ta kwanta. Na cika gora da ruwa, na ɗaure zane, na fita ta ƙofar arewa na bi bayan wasu masu jakai da za su Mayahi. Babbansu ya waiwayo ya ce, "Inna, ina zuwa ke kaɗai?" Na ce ya kora jakinsa, ba zan ja su baya ba.