Takardar da Na Karanta wa Kaka

Kakata Fanna sana'arta bandar kifi. A ƙauyenmu na gefen Kirikasamma, da an idar da sallar magariba sai ta zauna gaban murhu tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙin yana sa mu hawaye, amma yana korar sauro, kuma a nan ake samun tatsuniya. Ni Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, turo itacen nan. Miji sai ci, ba aiki."

Sannan ta ce, "To ga ta nan ta sauka a gabanku," mu ce ta zauna mu ji.

Akwai wata da ba na so, ita kuwa ta fi maimaitawa. Wai ciyawa ce ta toshe wa tsuntsayen fadama hanyar ruwa, tafkinsu ya soma ƙafewa. Suka ce a zaɓi mai kula da ruwa. Zalɓe yana nema, dinya tana nema. Aka sa rana, kowa ya zo gindin tsamiya da tsakuwa a baki ya ajiye gaban wanda yake so. Ana gobe taron, wani baƙon tsuntsu ya sauka wajen 'yan kirinjijiya riƙe da farin gashi irin na fadar tsuntsaye, ya ce an mai da taro gindin giginya a hayin kogi. Suka ga farin gashi suka yarda. Can suka wuni da tsakuwa a baki har rana ta faɗi.

Da suka dawo an gama, zalɓe ya ci. Mutanen dinya suka ce shi ya tura baƙon, don ya san kirinjijiya danginsu ne. Mutanen zalɓe suka ce ƙarya, dinya ce ta shirya abin don ta sami abin kuka. Ana ta cacar baki ciyawa na ta tsawo, har tafkin ya bushe.

"Kaka, to wa ya aiko shi?"

"Oho. Su ma ba su tambaya ba, ni zan tambaya musu?"

"Ai wannan ba ƙarshe ba ne."

"Maigida, farin gashi a ƙasa ake tsintarsa, kowa ma zai iya ɗauka. Miƙo min faifan can."

Na girma, na koma Haɗeja ina gyaran injin ban ruwa. Ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwan ƙauyenmu, kifi ya ja baya, Kaka ta kashe murhunta. Da zaɓe ya zo, ta ce za ta jefa wa wanda ya yi alkawarin yashe hanyar. Na ce mata alkawari ne kawai irin na kullum. Ta ce, "Na sani. Amma in ya saɓa, ina so in ce da hannuna na ɗora shi."

Ana gobe zaɓe na je gida. Na tarar an jefa takardu gida-gida a unguwarmu. Takardar tana da tambari kamar na hukuma. Ta ce saboda ajujuwan makarantarmu da ambaliya ta rushe, an mai da akwatinmu na zaɓe firamaren hayin kogi. Ajujuwan kuwa da gaske sun rushe. Kaka ta miƙo min, ga tsofaffin maƙwabta biyar zaune a tabarmarta.

"Kai ka yi boko, karanta mana."

Na karanta. Ta ce, "Wa ya kawo?"

Na ce, "Kaka, ga tambari fa."

Ta tashi ta nemo katinta na zaɓe. Da safe ni da kaina na sa su a kwalekwale. A hayi akwai akwati, amma ba namu ba. Jami'in ya duba takardunsa sau biyu, ya ce babu sunayensu, akwatinmu yana inda yake, a harabar makarantarmu. Mai kwalekwale ya riga ya tafi kamun kifi. Muka zauna bakin gaɓa, babu ko inuwa. Kaka tana riƙe da katinta a cikin leda. Ta dubi hagu ta dubi dama, ta ce, "Maigida, su kirinjijiya ai sun fi mu, sun sami giginya." Iyakar abin da ta faɗa min ke nan. Kafin mu ƙetaro an rufe layi.

Mako guda ana yi a rediyo. Wannan jam'iyya ta ce waccan ce ta hana mutanenta zaɓe. Waccan ta ce wannan ce ta buga takardun don ta ɓata mata suna. Wasu suka zo suka ɗauki hoton Kaka da katinta suka tafi. Wasu suka ce shirya tsofaffin aka yi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ko mutum ɗaya wa ya gani yana jefa takardun. Kacalla tana nan inda take.

Kaka ta rasu kafin damina, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa ɗora min laifi ba, da ma ta ɗora. Shekaru tana gaya min tatsuniyar nan ina ƙorafin ba ta da ƙarshe, ranar da ta yi min tambayar kuma na nuna mata tambari.

Bayan sadakar arba'in na bi unguwa ƙofa-ƙofa ina tambaya. Kusan kowa abin da yake fara cewa shi ne, "Kai ɗan wace jam'iyya ne?" Takardar tana cikin akwatina, a naɗe da katin Kaka.

Kwanan baya 'yata ta matsa sai na yi mata tatsuniya, na yi mata wannan. Da na kai ƙarshe ta ɓata rai.

"Baba, to wa ya aiko shi?"

Na ce ban sani ba tukuna, amma ina nan ina tambaya.