Robar da Abokina Ya Rataya a Azara

Shekarun baya, lokacin ƙashina na da sauran ƙwari, akwai wani tsohon zaure kusa da Ƙofar Doka da muka mayar wurin ɗaga ƙarfe. Babu wani abin a zo a gani a ciki. Benci ne guda da mai walda ya haɗa mana, sai sanda, sai faya-fayan ƙarfe da muka auna a sikelin masu hatsi. Bayan la'asar muke haɗuwa, mu watse kafin magariba.

Muna da wata al'ada. Wanda ya fi kowa tura nauyi daga ƙirji, yana kwance a benci, za a rubuta sunansa a bango da gawayi, kuma shi ke fara hawa benci kullum, saura su jira. Sharaɗi ɗaya ne: idan mai tsaya maka a ka ya taɓa sandar ko da yatsa, ɗagawar ba ta shiga lissafi. Ni ne mai rubutun, don hannuna ya faɗa a ajami tun ina yaro. Shekara biyu kuma sunana ne a sama, kilo ɗari da ashirin. Ni ke rubutawa, ni ake rubutawa.

Abokina tela ne, lungu ɗaya muka taso. Siriri ne, ya daɗe maƙale a ɗari da goma. Nakan dafa shi in ce, "Haƙuri, kowa da rabonsa." Maganar tana da daɗin faɗa idan naka rabon ne babba.

Wata rana sai ga shi da tif ɗin tayar babbar mota, ya sa mai faci ya yanka masa zobe biyu masu kauri. Ya taka benci ya rataya su a azara, ya zura kowane gefen sanda a ciki. Ya ce a waya ya ga masu gasar ɗaga nauyi suna yi. Idan sanda ta sauko ƙirji, inda mutum ya fi rauni, robar ta miƙe ta rage masa nauyi. Tana tashi sama robar na saki, har hannu ya karɓi kayan gaba ɗaya. A haka jiki ke sabawa da nauyin da bai taɓa riƙewa ba.

Na ce, "Wato ka samo mai goya ka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bayan sati uku ya tura ɗari da talatin da robarsa, ni kuma dariya ta ƙare mini. Aka miƙo mini gawayi, na tsaya ina juya shi. Wani ya ce, "Malam, yau gawayin ne ya yi nauyi?" Na rubuta sunan abokina can ƙasa kusa da daɓe, na ƙara kalma biyu manya a gabansa: da roba. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar waɗannan biyun ba.

A ƙa'ida ina da gaskiya, amma ba ƙa'ida ce ke cin raina ba. Kafaɗarsa nake kallo tana cika riga. Idan ya ce in gwada, in ce ni ba na cin bashin ƙarfi. Na daina biyawa shagonsa, na koma zagayawa ta wani lungun. Mahaifiyata ta lura, ta ce, "Wai abokin naka tafiya ya yi?" Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta dube ni ta ci gaba da tsince shinkafarta. Kullum safe ina neman tsari daga sharrin mai hassada, bai taɓa zo mini a rai ba cewa da ni ake.

Bayan kamar wata huɗu, wata Asabar, abokina ya taka benci ya sauke robar da kansa. Ya ce a ɗora ɗari da ashirin da biyar. Ya waiwayo ya ce, "Zo ka tsaya mini a ka. Ba wanda na yarda da hannunsa sai kai."

Na tsaya. Ya yi bismilla, ya sauke sandar a ƙirji, ya turo. Ta taso rabi ta tsaya cak, hannuwansa na rawa. A nan ne mai tsayawa ke da damar kai agaji, ba mai ganin laifinsa, sai ma a ce ya kyauta. Na ga hannuna ya miƙa. Ta tsakanin haƙora abokina ya ce, "Bari." Na janye. Sandar ta haura a hankali har ya miƙe gwiwar hannu.

Na goge sunana da gefen rigata, na rubuta nasa a sama. Na sunkuya zan goge na ƙasan, ya ce, "Ƙyale wancan, rubutun ya yi kyau. Kuma ai gaskiya ka rubuta." Washegari na bi layi, ni ne na biyu. Bayan sallah ƙarama na kwanta a ƙarƙashin robar, shi ya gyara mini tsawonta. Ban kamo shi ba har muka daina.

Zauren yanzu ya zama wurin ajiye buhunan masara, an yaɓe bangon. Abokina ke ɗinka mini kayan sallah, kuma idan yana auna kafaɗata ina satar kallon tasa, abin yana ɗan motsawa har yau. Na nemi gafarar Allah a kan hassadar, don ita na san da ita. Wanda ban sani ba shi ne hannun nan da na miƙa, ko ceto ya je yi ko ɓatawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ya ce in bari. Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Ai fuskarka nake kallo daga ƙasa."