Geron da na sayar don jiran na'urar gem

Ni ne mai ilimin gidanmu. Ba ni na naɗa kaina ba, difloma ce ta naɗa ni, wadda na yi shekara biyu a Kano ina nema, na dawo da ita cikin leda, Inna ta adana min a ƙasan adaka, kuma har yau ba wanda ya zo ya tambayi lafiyarta. Da aikin ofis ya ƙi zuwa, sai na kama ɗan shago a bayan tashar Ɗambatta. Na sa benci biyu, talabijin biyu, tsofaffin na'urorin gem biyu da na sayo na hannu, da wani ƙaramin janareto mai fama da tari. 'Yan acaɓa da masu wankin mota da 'yan dako sukan shigo su biya, su buga ƙwallo a allo, su zagi juna, su fita. Ba arziki ba ne, amma da kaina nake sayen sabulu. Idan aka tambayi Baba sana'ar ɗansa, sai ya ce ina harkar na'ura, ya ƙara sauri kafin a ce masa wace iri.

Ƙauyenmu ba nisa, a keke nake zuwa. Har lokacin gandu muke yi: da safe ina gonar Baba, in an tashi in leƙa gayaunata, wato 'yar gonar da uba yake yanka wa ɗa, abin da ta ba da nasa ne. Nasa ne a baki. A aikace ba mai taɓa geron gayauna sai damina ta yi tsakiya, an ga ko rumbun gandu zai kai gida ga sabon hatsi. In ya kai, ka sayar da naka da tsada ka yi abin da ka ga dama. In bai kai ba, naka ne tuwon gida. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta min wannan doka, ba ta cikin kowane littafi, don haka ni mai difloma na ɗauka babu ita.

A shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke wa dawar gandu tana cikin ɗaukar ido, wato fara yin ƙwaya, ba ta yi abin kirki ba. Geron gayaunata kuwa ya riga ya nuna, ya yi kyan da har masu wucewa suna tsayawa su ce ma sha Allah. Yayana yana kudu neman kuɗi, su ma kuɗin suna can suna neman wani, sauran gidan mata ne da ƙanana. Kowa ya san inda idon gida yake, ban da mai geron.

Ana cikin haka sabuwar na'urar gem ta fito. Masu zuwa shagona suka ishe ni da zancenta, kowa da hotonta a waya, kowa yana kallon tsofaffina kamar sun yi masa laifi. Wani Alhaji a Kano, wanda nake sayen kayan gyara a wajensa, ya kira ni ya ce guda uku suka iso masa, in ina so in zo. Na hau bas na je. Ya ciro ta daga kwali yana bismilla, ya jona, sai ga fili kore shar, ana ganin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ana ganin gumi a goshin ɗan wasan da bai taɓa riƙe fartanya ba. Wallahi raina ya biya. Da ya faɗi kuɗin, na auna a zuci, na ga daidai yake da abin da gerona zai kawo, kamar Shaiɗan ne ya yi awon da tiyarsa.

Da jahili ne ni, da a ranar na yanke shawara. Amma ni mai bincike ne. A cikin bas ɗin komawa na buɗe waya na shiga karanta shawarwarin masana, mutanen wasu ƙasashe inda wuta ba ta ɗaukewa kuma kuɗi suke kwana su tashi yadda aka bar su. Bakinsu ɗaya: mai gaggawa ne kaɗai yake sayen na'ura ranar fitowarta. Na farko ba sa rasa 'yar matsala, kuma in ka yi haƙuri 'yan watanni farashi zai sauko da kansa. Kafin mu iso Ɗambatta na haddace, har ina jin tausayin waɗanda za su sayi ukun nan na Alhaji.

Na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so in sayar da geron gayauna."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yanzu? Da kakar nan?"

"Na'ura zan saya saboda shago. Sabuwa ta fito."

"To. Ka sayar gobe, ka sayo jibi ke nan."

"A'a Baba, jira zan yi ta sauko tukuna."

Nan ya ajiye igiyar. Ya ce in sake faɗa, wataƙila kunnensa ne. Ni kuwa na gyara zama na buɗe masa aji. Na ce ai na'ura ba gero ba ce. Gero da sabuntarsa yake araha, yana daɗewa yana hawa. Ita kuwa na'ura da sabuntarta take tsada, tana daɗewa tana sauka, haka abin yake a duk duniya. Na faɗi "duk duniya" da ƙarfi, don ya san ba a Ɗambatta ilimina ya tsaya ba.

Ya ce, "Na ji. To me zai hana ka bar geron a rumbu har ta sauko ɗin?"

Na ce ranar da za ta sauko rububi za a yi, mai kuɗi a hannu shi zai samu, kuma Alhajin Kano ba ya karɓar dami. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in mari kaina, amma a lokacin daɗinta na ji.

Baba ya ce, "Ni ban san na'ura ba. In saye za ka yi, je ka saya gobe, ko ba komai mun san ramin da geron ya faɗa. In kuwa jira za ka yi, ka jira da gero. Kuɗin yanzu ba a jira da su."

Na yi dariya. Ba da ƙarfi ba, 'yar dariyar nan ta hanci da masu karatu suke yi wa iyayensu. Ya dube ni, ya ɗauki igiyarsa, ya ce, "Naka ne." Duk wani ɗa a ƙauyen nan, har wanda bai taɓa shiga aji ba, ya san abin da uba yake nufi in ya faɗi haka. Ni kuwa na ce na gode, na tashi.

Mata suka sussuke, aka ɗura a buhuna, sai da na ɗauki amalanken shanu ranar kasuwa. Dillalin hatsi ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da sa a kawo min fura. Ya ce yana son yaro mai buɗaɗɗen kai, ba irin tsofaffin nan masu rungume rumbu ba. Ai kuwa dole ya so ni. Na zuba kuɗin a banki, na koma shago na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina jiran duniya ta bi tsarin da na karanta.

Wata ya zagayo na kira Alhaji. "Ranka ya daɗe, ta sauko?"

Ya ce, "Ta dai motsa."

Ta motsa kam, sama ta yi. Ya ce dala ce. A shekarun nan kowa dala ce: mai tumatir dala, mai faci dala, har tsohuwar da take sayar da daddawar da ta dafa a bayan ɗakinta, ka yi magana ta ce maka dala. Na ce wannan tangarɗa ce ta ɗan lokaci, na koma wajen masanana. Ashe a can ƙasashensu ta sauko ɗin, ga hotunansu rungume da kwali suna washe baki, suna taya juna murnar haƙuri. Ba su yi min ƙarya ba. Ba su dai san akwai wani gari Ɗambatta ba, ni ne na ɗauka da ni suke.

A tsallaken titi akwai wani mai cajin waya, wanda tun aji uku na firamare ya sallami boko. Allah ya tsare shi daga karanta shawarar kowa. A makon da na'urar ta fito ya sayar da babur ɗinsa, ya je ya ɗauko ɗaya daga cikin ukun nan da nake tausaya wa masu sayensu. Na jira ta lalace kamar yadda masana suka yi alkawari, ta ƙi. Mutanena suka fara tsallakawa da ɗaiɗai. Ba su yi min rashin kunya ba, sai sun tsaya a ƙofata sun ce, "Malam, ya kasuwa?" sannan su wuce. Daga baya gaisuwar ma ta koma ɗaga hannu. Ina zaune ina jin ihunsu in an ci ƙwallo, ga fetur ya yi tsadar da ba zan tayar da janareto saboda mutum ɗaya ba, shi ma ɗayan in ya gaji da jira sai ya tsallaka.

Haushi ya ishe ni, amma ban ga laifina ba. Na ga laifin dala, na ga na Alhaji, na ga na samarin zamani marasa amana. Da bazara ta yi na sake zuwa Kano da niyyar in rufe ido in saya kawai. Alhaji ya ji abin da ke hannuna, ya yi murmushi, ya ce a yanzu sai dai ya ba ni irin tsofaffina, ta hannu, mai ɗan kyau. Na ce masa ban zo nan don a raina min hankali ba. Na fito na hau bas, na biya kuɗin motar da shi ma ya ƙaru tsakanin zuwana da komawata. A gida ban faɗa wa kowa komai ba. Kullum in an tashi daga gona sai in yi wanka, in sa riga mai guga, in hau keke in tafi shago kamar ana jirana.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Sai furar rana ta fara tsinkewa, daga nan ta daina zuwa gona gaba ɗaya. Tuwon da ake yankawa da mara ya koma wanda ake zubawa da ludayi. Inna in ta miƙo min kwano ba ta kallon fuskata. Wata safiya na ji ƙarar tsintsiya a cikin rumbun gandu, ana tattara na ƙasa. Gero a gona ko kai bai fitar ba.

Ranar kasuwa na kwashe kuɗin kaf na nufi layin hatsi. Dillalin nan ya gane ni, amma wannan karon ba fura. Ya faɗi farashi yana kallon wani wajen. Abin da kuɗina suka saya, ɗan acaɓa ɗaya ne ya ɗaure shi a bayan babur, har da sauran wurin da na zauna. Da na sauke a tsakar gida Baba ya ce Allah ya yi albarka, Inna ta ce amin. Na so a ce ɗayansu ya zage ni, ko na samu abin da zan yi fushi da shi. Hatsin ya riƙe mu 'yan makonni ya ƙare, da sauran kusan wata guda kafin sabo.

Lokacin maimai ne, wato noma na biyu. Ran nan da sassafe Baba ya ce in wuce gandu ni kaɗai, yana da 'yar unguwa. Washegari ma haka, rana ta uku ma haka. Da yamma kuma sai in ga an ɗora tukunya, ban tambayi daga ina ba, don mai ilimi ya san tambayar da ba ya son jin amsarta. Rana ta huɗu, bayan azahar, ruwa ya ɓata hanyar da na saba bi, sai na zaga ta bayan gari. A gonar wani attajiri na hangi 'yan ƙwadago sun jeru, kowa ya duƙa a kunyarsa. Yawancinsu sa'o'ina ne. Na ƙarshen layin an ba shi rata mai yawa, kuma tun daga nesa na gane bayan nan da hular nan.

Baba ya haura saba'in. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya yi wa wani noma don a biya shi ba, shi ne ma yake ɗaukar mutum biyu ko uku in shekara ta yi kyau. Na tsaya da keke a bakin gona. Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya gan ni. Bai ɓoye fartanyar ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Ya ce, "Ka gama maiman?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Na jingine keken na shiga gonar da rigata mai guga, na ce ya ba ni fartanyar. Ya ce a'a, da shi aka yi jinga, kuma saura kunya shida kawai. Sannan ya dubi rana ya ce, "Wuce kada ka makara. Masu gem ɗin nan suna can suna jiranka, kada su tafi wani wurin."

Na duba fuskarsa ina neman gatse, ban samu ba. Da gaske yake. Shi a saninsa shagon yana nan cike, kuma aikin da nake yi a can ya fi ƙarfin a ɓata shi saboda kunya shida. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, ya riga ya duƙa.

Na hau keke na tafi Ɗambatta. Na buɗe shagon, na share, na zauna a benci har aka kira la'asar. Ba wanda ya shigo.