Rediyo da Waliyin Masu Barin Duniya

A kicin ɗin makarantar kwana inda take dafa abinci, Rediyo ake ce mata, ita ma da shi take amsawa. Tana juya tukunyar da ta kusa kai mata ƙugu tana magana, tana yankan albasa tana magana, idan ba kowa a kusa sai ta yi da ludayi. Abokan aikinta sukan ce ita kam ba a ɗauke mata wuta.

Da can surutun nata na nishaɗi ne. Ya koma wani abu dabam ranar da mijinta, direban motar kaya, ya dawo da rana ya zauna a kujerar falo, ita kuma tana kicin tana ba shi labarin wata maƙwabciya. Ta daɗe tana zuba, har tana dariya, tana cewa, "Ka ji ko? Kai dai ba ka da bakin magana." Da ta fito da faranti ta tarar kansa ya langaɓe gefe, hannunsa ya yi sanyi. Tun daga ranar, duk ɗakin da ya yi tsit sai gabanta ya faɗi.

Yayar marigayin ce ta ja ta zuwa wata ƙungiya ta masu addu'a. 'Yan Katolika ne masu gida da sana'a, ba fada ba ne, ba sista ba, amma sun ɗauki alkawarin zama shiru a gaban Allah safe da yamma, kowa a ɗakinsa. Sau ɗaya a wata sukan taru a wani ƙaramin ɗaki bayan coci, mai benci da kyandir da taga ɗaya. Jagoransu wani tsohon kafinta ne da zarto ya cinye wa yatsa.

"Yaya, ni za ki kai wurin masu shiru? Ai kora ta za su yi."

"Zo dai. Kin gaji, idonki ya nuna."

Zaman farko ta ji kamar an rufe ta a akwati. Mutane jere, ido a rufe, ba mai motsi. Ta riƙa satar kallon ƙirjin kowa, tana tabbatarwa yana hawa yana sauka. Zufa ta jiƙa mata baya. Da aka kaɗa 'yar ƙararrawar tashi, ita ce ta fara kaiwa ƙofa.

Duk da haka ta koma, ita ma ba ta san dalili ba. Ƙungiyar tana ƙarƙashin Budurwa Maryamu da wasu waliyyai da suka yi rayuwarsu a ɓoye, kuma al'adarsu ce sabon shiga ya sa hannu a kwando ya zaro hoton waliyin da zai zama majiɓincinsa. Rediyo ta zaro Waliyi Yusufu, kafintan nan mijin Maryamu.

"Kin samu abokin sana'ata," in ji tsohon. "Duk cikin Littafi Mai Tsarki ba a ji ya furta ko kalma ɗaya ba."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Sai wata tsohuwa a bayanta ta ƙara da cewa, "Shi ne kuma ake roƙo domin masu barin duniya."

Dariyar ta maƙale mata. Ta kawo hoton gida, ta rasa inda za ta ajiye shi, daga ƙarshe ta kifa shi a saman firij.

A cikin zaman shirun ne ta fara jin abin. Da can hayaniya ta rufe shi. Yanzu idan ta haɗiye yawu sai ta ji wani abu yana tokare mata maƙogwaro, ɗan ƙarami, mai tauri. Ta shafa wuyanta ta same shi. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ta ƙara yawan magana a wurin aiki, har muryar ta fara dushewa.

'Yarta, wadda ke sayar da magani a wani kemis, ita ta kama ta.

"Mama, me ya sa hannunki kullum yana wuya?"

"Sarƙata ce take damuna."

"Ba sarƙa a wuyanki."

A asibiti aka kwantar da ita, aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da rami, aka ce kada ta motsa, kada ta yi magana. Rufin na'urar ya kusa taɓa mata hanci. Ta so ta kurma ihu a fito da ita. Abin da ya zo mata kawai shi ne abin da tsohon ya koya musu, a ja numfashi a kira sunan Yesu a zuci, a saki. Haka ta yi ta yi, hawaye na gangarowa cikin kunnuwanta.

Likita ta ce sai an yi aikin tiyata, kuma mai yiwuwa muryar ba za ta dawo yadda take ba. Rediyo ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan tsohon. Ta same shi a tsakar gida yana goge ƙafar kujera.

"Baba, ka canza mini waliyi. Wannan zuwa ya yi ya tafi da ni."

"Zauna, 'yata. Shi ya sa miki ƙullutun?"

"Ban sani ba. Ni dai tsoro nake ji."

"Ni ma ina ji. Tun da likita ya ce zuciyata ta kumbura, kullum da shi nake zama." Ya hure ƙurar katakon. "Ba zan ce miki za ki tashi ba, don ban sani ba. Waliyin nan aikinsa ya tsaya kusa da mutum. In kin fi so a canza, kwandon yana nan."

Ta kalli hannunsa mai guntun yatsa. Ba ta ce a canza ba.

Ta tashi daga aikin da bandeji a wuya da murya kamar ana jan buhu a siminti. Likita ta ce sun cire abin da suka gani, amma sai ta riƙa zuwa ana dubawa, don irinsa yakan dawo. Ta koma kicin, yanzu da ludayi take buga tukunya idan tana son a juyo. Ranar da ta ɗauki alkawarin ƙungiyar, sai da fada ya sunkuyo da kunnensa kafin ya ji me take cewa. Tsohon bai ga ranar ba, an binne shi kafin nan.

Har yanzu duk ranar zuwa asibiti ba ta iya karyawa. A zuwanta na baya-bayan nan, wata matashiya mai juna biyu ta zauna kusa da ita a benci, ta kalli tabon wuyanta.

"Mama, ni ma a wuya ne. Tsoron yana tafiya kuwa?"

Rediyo ta girgiza kai. Ta matsa, ta ɗauke jakarta daga tsakaninsu, ta kama hannun yarinyar. Suna nan zaune a haka nas ta leƙo ta kira Rediyo.