Karen da Kawu Ya Raina

Shekara biyu na yi a Lyon da takardar digiri a cikin akwati, ina aika neman aiki ana maido mini da godiya. Matata na da ciki wata uku lokacin da wani kamfanin gadi ya ce zai ɗauke ni in tsare masa magaza, wato wurin ajiyar kaya, a bayan Vaulx-en-Velin. Sharaɗin shi ne in yi horon maître-chien, wato maigadi mai aiki da kare, kuma karen ya zama nawa na kaina. Jarrabawar tare ake yi mana ni da shi. In ya faɗi na faɗi, gurbin kuma ba jirana zai yi ba.

Ni kuwa iyakar hulɗata da kare a Maradi jifa ce. Na je wurin limaminmu a unguwar Guillotière ina sunkuyar da kai, ya ce kare don gadi ba laifi, in dai kula da tsarki in raba masa makwanci. Saura samun karen. Sai na kira Kawu, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa a Sevran, kusa da Paris. Duk shekara shi ƴan garinmu ke turawa gona ya zaɓo musu ragunan layya, kuma ba a taɓa jin ya zaɓo na banza ba. Muka gaisa a gurguje na faɗa masa damuwata.

"Taho Paris," in ji shi. "Dabba ai dabba ce. Wanda ya san rago ya san kare."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don ni ma haka nake gani.

Da na isa, muka shiga motarsa zuwa gidan wata tsohuwa mai kiwon karnuka jinsin berger allemand a wajen birni. Falonta cike da kofunan gasa da hotunan karnuka a tsaye kamar sojoji. Ta fito mana da wani ɗan shekara guda, ƙato, gashi baƙi da ja yana sheƙi, bayansa ya gangara zuwa wutsiya. Kawu bai taɓa shi ba, amma ya zagaye shi sau uku da hannu a baya. Ya duba kunnuwa ba tsaga, ido garau, ƙafa ba ɗingishi, har ya sa matar ta buɗe masa baki ya ga haƙora.

"In da rago ne, walla ba ya kwana nan," ya ce mini. "Ɗauki."

Sai matar ta tambaye ni me zan yi da shi. Na faɗa mata. Sai ta ce ba za ta sayar mini ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka launin fatarmu ta gani, kuma ban ɓoye ba, na faɗa mata haka da muryar da har yau nake jin kunyarta. Ta ɗauki ƙwallo ta wurga cikin ciyawa. Karen ya bi da gudu mai kyan gani, ya sunsuna nan da can, bai samu ba, ya dawo ya kwanta a kan ƙafarta. Ta ce kakannin wannan da kakannin kakanninsa an zaɓo su ne don alƙalan gasa su kalla su yaba, don kuma yara su kwanta a jikinsu. Sunan jinsin ɗaya ne da na karnukan aiki, amma zuri'a ta rabu tun da daɗewa. In na sa shi yawo yini guda a kan siminti, ƙafafunsa na baya za su gaza, zuciyarsa ma ba a can take ba. Ta rubuta mini lambar wani mai kiwo a ƙauyen Lyon, ta ce in na je kada in kalli gashi. In sa a nuna mini uwar tana aiki, in kuma nemi takardar likita ta ƙugu.

Duk hanyar komawa Kawu faɗa yake, wai tunda yake bai taɓa ganin mai dabba ya kushe dabbarsa ba. Amma ranar Asabar sai ga shi a tashar jirgi ta Lyon da malafarsa, wai ba zai bari a cuce ni ba.

Mai kiwon na biyu ba kofi ko ɗaya a gidansa, sai laka da takalman roba. Kafin ya nuna mini kare sai da ya yi awa guda yana tambayata: awa nawa zan yi a bakin aiki, ina karen zai kwana, wa zai fita da shi ranar hutu. Ya ce ina tsoron kare? Na ce a'a. Ya yi dariya ya ce karen zai gaya masa gaskiya.

Ya fito da wani kare jinsin malinois, siriri mai launin ƙasa, haƙarƙari a waje, kunne ɗaya a tsage inda waya ta taɓa kama shi. Kawu ya ja ni gefe.

"Wannan mi ya raba shi da karnukan ƴan farauta na ƙauyenmu? Dubi kunnen. Ko rago ne ba ya layya."

Mutumin ya wurga ƙwallo cikin tarin ciyawar shanu. Karen ya nutse a ciki har wutsiya kawai ake gani. Sai mutumin ya saki kwanon rufi a ƙasa a bayansa, ƙarar da ta sa ni da Kawu muka zabura. Karen ko waiwaye bai yi ba, ya ci gaba da tono har ya fito da ƙwallon, ya kawo ya dangwara mini a hannu. Na karɓa a tsorace, mutumin na kallo. Ya nuna mini uwar tana hawa matakalar ƙarfe tana neman mutumin da ya ɓuya, ya ba ni takardun likita tun ban tambaya ba. Ya sayar mini da karen, ya ce in riƙa zuwa da shi duk Asabar, in jininmu bai haɗu ba in maido masa abinsa.

Bayan watanni na horo, ranar jarrabawa ni ne na rikice. An ɓoye mutum a cikin wata harabar kaya, aka ce mu nemo shi. Na nufi hagu da ƙarfina, karen ya toge, ya ɗaga hanci, ya ja ni dama. Na kusa fizgo shi. Sai na tuna ciyawar nan da kwanon rufi, na sassauta igiyar na bi shi. Mutumin na bayan tarin katako. Aka ba mu aikin, bayan sati uku matata ta haifi ƴa mace.

Na rubuta wa tsohuwar nan ta Paris wasiƙa na nemi gafara, na sa hotonmu ni da karen. Da ta ga dama da ta miƙo mini kyakkyawan nan, mu rabu kowa na murna, in je in faɗi. Na gode mata, kuma har yau ina gode mata. Amsarta layi biyu ce: ta ji daɗi, kuma karen ya rame, in ƙara masa abinci.

Yanzu shekararsa tara, bakinsa ya yi furfura, ya bar aiki. Kawu har yau bai taɓa shi ba, bai kuma janye maganarsa a kan kunnen ba. Amma duk babbar salla in na je Sevran, in ya gama kason nama na dangi da maƙwabta, sai ya ware ƙulli ɗaya ya tura mini da kansa.

"Wannan na mai tsagaggen kunne ne," yakan ce. "Shi ya riƙe maka gida."