Hannu Sama a Hanyar Kasuwar Shanu

Wata huɗu na yi a kwance bayan bam ɗin da ya tashi kusa da teburin mai shayi a unguwarmu, Gwange. Wani gutsuren ƙarfe ne, bai kai ƙwallon dabino ba, ya shige ni ta gefen gwiwar dama. Da raunin ya warke na miƙe, sai na tarar tafin ƙafar ya daina jin magana. In ce masa ɗago, sai ya yi laƙwas, yatsu suna kallon ƙasa. Likita ya ce jijiyar da ke ɗaga shi ce ta tsinke, kuma ba lallai ta dawo ba.

To, jiki bai tsaya jiran likita ba. Ba wanda ya koya mini, sai na ga ina ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa bene don kada yatsu su ja ƙasa, sannan in jefa ƙafar gaba ta sauka, fat! Hannun hagu kuwa shi ya ɗauki ragowar aikin. Duk sanda ƙafar ta tashi sai ya wurga kansa gefe ya tare ni kada in kife. Ba kyan gani, na sani, amma ina isa inda na nufa.

Ni dillalin shanu ne, jikan makiyayi, ban iya wata sana'a ba. Dillalin da ba a gani a kara kuwa an manta da shi. Fataken da suka shekara goma suna damƙa mini shanunsu har sun fara sauka wurin wasu. Don haka ranar da na iya kaiwa bakin titi da ƙafata, na tari keke na ce Kasuwar Shanu.

A lokacin akwai shingen sojoji kafin kasuwar. Dokar wurin ita ce kowa ya sauka, ya ɗaga hannu biyu sama, ya taka daga buhunan yashi na farko zuwa na ƙarshe, taku kamar arba'in. Na ɗaga hannu na shiga layi. Wallahi ban san hannun nan ne yake riƙe da ni ba sai da na raba shi da aikinsa. Taku na uku yatsuna suka tokari ƙasa, na tafi rub da ciki.

Kafin in ɗago, layin ya watse. A shekarun nan, mutum mai baƙuwar tafiya cikin babbar riga, ya kuma zube a gaban shinge, abu ɗaya ake zato. Na ji ƙarar ɗana bindiga. Wani soja dogo ya sa na tuɓe riga daga nesa, na naɗe wando har cinya, ina kwance a turɓaya a gaban mahautan da suka san ubana. Da ya ga tabon sai ya ce, "Baba, koma gida. Wanda ba zai iya ɗaga hannu ba, ba zai wuce ba."

Da yamma yayana ya zo daga Galtimari.

"Ka zauna haka nan," in ji shi. "Ina raye gidanka ba zai rasa tuwo ba."

"Yaya, Allah ya saka. Amma ƙafa ce ta mutu, ni ina nan."

Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni. Na ce to, ya fi zaman tabarma.

Washegari na fara, a tsakar gida, daga gindin bishiyar maina zuwa bakin rijiya, hannu sama. Na faɗi har na daina jin kunya. Matata tana tankaɗe tana cewa, "Malam, wai wa ya kama ka ne a cikin gidanka?" Rannan da na fasa leɓe kuwa kuka ta yi, ta ce in bari don Allah. Ban bari ba. A hankali ƙugu ya karɓi aikin hannu. Na gane in na jingina nauyina a ƙafar hagu, na ɗage ƙugun dama, ƙafar takan zagayo ta gefe ba ta taɓa ƙasa ba. Taku gajere, ciki a ɗaure, ido a gaba. Bayana ya yi ciwo kamar an yi mini duka, sati uku cur.

Ranar da na koma, sojan nan dogo ne a wurin. Na sauka, na ɗaga hannu, na shiga. Na kai tsakiya ke nan ya gane ni.

"Baba mai ƙafa! Sauke hannunka, na san ka. Wuce kawai."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na ji a muryarsa. Amma raina ya ɓaci fiye da ranar da ya tuɓe ni. Sati uku ina cin ƙasa, sai yanzu a tsakiyar hanya za a ba ni sadaka?

"Bar shi, ɗana," na ce. "Yadda kowa ya wuce haka zan wuce."

Ban sauke ba sai da na gota buhun ƙarshe.